Shimfiɗa da Naɗewa: Yadda Ake Shirya wa Gwajin Burauza da Share Bayansa

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ya san dokar farko: ba a zuba sinadari a kwalbar da ba a wanke ba. Idan ragowar aikin jiya na ciki, sakamakon yau ba abin dogaro ba ne, ko da kuwa lissafin ya fito daidai. Wannan dokar ce ta kama ni a bara, lokacin da nake haɗa ƙaramin shafin intanet da rukunin bincikenmu ke shigar da bayanan samfura a kai. Na rubuta gwaje-gwaje masu sarrafa kansu kusan 60. A kwamfutata duk suna wucewa, amma a sabar sai biyu ko uku su faɗi, gobe kuma wasu daban. Mako guda na yi ina zargin manhajar, ashe gwaje-gwajen ne ke bar wa juna datti.

Mene ne gwajin burauza?

Ɗan shiri ne da ke buɗe Chrome ko Firefox da kansa, ya shiga shafi, ya cike fom, ya danna maɓalli, sannan ya duba ko abin da ya fito shi ne ake tsammani. Jason Huggins ne ya fara ƙirƙirar Selenium a 2004 yana aiki a kamfanin ThoughtWorks, kuma ƙa'idar WebDriver da ta fito daga wannan aikin ta zama mizanin W3C a 2018. A 2020 Microsoft ta fito da Playwright. Ko wanne ka ɗauka, kowane gwaji yana buƙatar abubuwa uku: a shirya masa wuri, ya yi aikinsa, a share bayansa.

Ɗauki gwajin da ke duba ko mai amfani zai iya goge samfurin da ya shigar. Kafin a kai ga maɓallin gogewa, dole a buɗe burauza, a ƙirƙiri asusu, a shiga da kalmar sirri, a saka samfurin a rumbun bayanai. Ainihin gwajin layi uku ne, shirin kuwa ya kai layi ashirin. To in kana da gwaji 60, kwafa layukan nan za ka yi sau 60? Ranar da aka canza fasalin shafin shiga, wuri 60 za ka bi kana gyarawa, kuma wallahi sai ka manta wani.

Shi ya sa ake rubuta matakan shiri da na sharewa sau ɗaya, duk gwaje-gwajen su yi tarayya a kansu. Dabarar ta girmi gwajin burauza. Kent Beck ne ya fara tsara ta a harshen Smalltalk, daga baya shi da Erich Gamma suka kawo ta Java a 1997 da sunan JUnit. Daga can sunayen setUp da tearDown suka yaɗu. A JUnit 5 ana sa alamar BeforeEach da AfterEach ga abin da za a maimaita wa kowane gwaji, BeforeAll da AfterAll kuma ga abin da za a yi sau ɗaya. Masu Python da ke amfani da pytest suna rubuta fixture a fayil mai suna conftest.py: abin da ke sama da kalmar yield shi ne shimfiɗa, abin da ke ƙasanta shi ne naɗewa.

Me za a raba, me ba za a raba ba?

A nan ne hukuncin yake. A ce buɗe burauza yana cin daƙiƙa 3, kuma kana da gwaji 200. Idan kowanne zai buɗe nasa, daƙiƙa 600 ke nan, wato minti 10 sun tafi a buɗe-buɗe kawai. Sai zuciya ta ce a buɗe ɗaya kowa ya yi amfani da shi. Matsalar ita ce burauza ba ya mantuwa. Yana ajiye kukis, yana ajiye bayanan da shafi ya adana a cikinsa, yana tuna wanda ya shiga. Gwaji na 5 ya shiga a matsayin shugaban rukuni bai fita ba, sai gwaji na 6, wanda aikinsa shi ne tabbatar da cewa baƙo ba ya ganin bayanan sirri, ya tarar da ƙofa a buɗe ya faɗi. Wanda ya fi wannan muni shi ne gwajin da ke wucewa don kawai wani ya bar masa abin da yake buƙata. Wannan ƙarya yake yi maka, kuma ba za ka gane ba sai ranar da aka sauya jerin.

Ba ƙaramar matsala ba ce. A 2016 wani injiniyan Google, John Micco, ya bayyana cewa kusan kashi 16 cikin 100 na gwaje-gwajensu suna da wannan halin na wucewa yau, faɗuwa gobe, ba tare da an taɓa manhajar ba. Wani bincike na Jami'ar Illinois a 2014 kuma ya sa dogaron gwaji a kan wanda ya gabace shi cikin manyan dalilai uku na hakan. Illar ita ce mutane su saba da jan rubutu, su riƙa cewa "ai dama haka yake yi, sake kunnawa", har ranar da kuskuren gaske zai wuce a gabansu.

Mafitar ita ce a raba abu mai tsada wanda ba ya riƙe bayani, a sabunta mai araha wanda ke riƙewa. Playwright yana buɗe burauza sau ɗaya, amma kowane gwaji yana samun sabon keɓaɓɓen zaure a cikinsa, mai kukis da ma'ajiyarsa, kamar tagar sirri ta Chrome. Buɗe zauren ya fi buɗe burauza sauri nesa ba kusa ba. Shiga asusu ma ana iya yi sau ɗaya, a adana shaidar shigar a fayil ta hanyar storageState, kowane gwaji ya ɗauki kwafinsa. A pytest kuwa kowane fixture ana faɗa masa tsawon ransa: gwaji ɗaya, aji ɗaya, fayil ɗaya, ko zaman gaba ɗaya.

Naɗewa ta fi shimfiɗa wuya

Na farko, dole sharewa ta gudana ko gwajin ya faɗi. Idan ka sa umarnin rufe burauza a layin ƙarshe na gwajin, kuskure a tsakiya zai hana a kai gare shi. A Selenium kuma a lura, close taga ɗaya yake rufewa, quit shi ke kashe zaman baki ɗaya. Ni da kaina na tarar da burauzoji marayu da dama suna gudana a ɓoye a sabar, sun cinye ƙwaƙwalwar na'urar, su ne suka sa gwaje-gwajen ƙarshe ke nauyi har lokacinsu ya ƙare.

Na biyu, ana naɗewa ne daga ƙarshe zuwa farko. In ka ƙirƙiri asusu sannan samfur, to samfurin za ka fara gogewa, don rumbun bayanai na iya ƙin goge asusun da wani abu ke rataye da shi. Pytest yana bin wannan jerin da kansa.

Na uku, shimfiɗar ma tana iya faɗuwa a rabi. A unittest na Python, idan setUp ya faɗi ba a kiran tearDown sam, amma abin da ka yi wa rajista da addCleanup ana gudanar da shi. Haka a pytest, in kuskure ya faru kafin yield, abin da ke ƙasa ba zai gudana ba. Saboda haka kowane fixture ya riƙe aiki ɗaya: wannan na burauza, wancan na asusu. In na biyun ya faɗi, na farkon zai rufe kansa.

Na huɗu, akwai ranar da babu sharewar da za ta gudana, misali an ɗauke wuta ko an kashe aikin da ƙarfi. Don haka kada gwaji ya ɗauka cewa wanda ya riga shi ya share. Ka ba kowane gwaji bayanansa masu suna na daban, ta hanyar liƙa lamba ta kacici a sunan asusun, sannan ka share tsofaffin ragowa a farkon zama.

Gargaɗi na ƙarshe: matakin sharewa goge bayanai yake yi, kuma bai san bambancin rumbun gwaji da na gaske ba. Ka sa masa shinge ya duba sunan rumbun tukuna, in ba na gwaji ba ne ya tsaya cak. Bayanan samfuran shekara biyu ba abin wasa ba ne.

In kana son sanin ko naka gwaje-gwajen suna da tsafta, gwada abu biyu yau. Kunna kowanne shi kaɗai, sannan ka hargitsa jerinsu da pytest-randomly ka kunna sau da yawa. Ni da na yi haka, guda 7 ne suka faɗi nan take, kuma duka bakwai ɗin asusu ɗaya suke rabawa.