Yaro ya daina wasa? Uwa, kada ki jira

'Yan uwa mata, kowace uwa ta san ɗanta. Kin san kukan yunwa, kin san na rigima. To amma akwai canjin da ke shigowa a hankali har ido ya saba da shi. Yaron da jiya yake bin awaki da gudu, yau ya lafe a jikinki, ba dariya, ba ƙiriniya. An ba shi fura ya kau da kai. Sai a ce, "Ai haƙora ne," ko "Kwanika aka yi masa," ko "Baki ne ya kama shi." Ana cikin haka sati biyu su wuce. Sau da yawa tamowa ce, kuma hali take fara taɓawa kafin ta fito a jiki.

Mu mutanen Dakoro ba baƙin wannan ciwo ba ne. A yunwar 2005, jihar Maraɗi na cikin wuraren da abin ya fi tsanani, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin kwantar da yara a nan garin. A shekarar, yara sama da 60,000 ta yi wa maganin tamowa mai tsanani a Nijar. Ko a shekara mai albarka ma, daga Yuni zuwa Satumba rumbu na yin ƙasa, mata na gona, masassara da zawo na kama yara. Yaron da ya yi zawo ko masassara ba ya ci, wanda ba ya ci kuwa ciwo ya fi saurin kada shi.

Me za ki duba?

Farko hali: yawan kwanciya, kuka marar dalili, ƙin abinci, daina rarrafe ko tafiyar da ya riga ya fara. Sai jiki: gashi ya yi ja, ya yi laushi yana zuba, fata ta bushe tana saɓa, ɗuwawu ya yamutse, guru ko wandon da ke kama shi ya yi masa yawa. Ki buɗa tafin hannunsa. In ya yi fari fat, alamar ƙarancin jini ce.

Akwai wadda ta fi yaudara, wato kumburi. Kumatu su cika, ƙafa ta yi ɓul-ɓul, har maƙwabta su ce yaro ya yi ƙiba. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. In rami ya tsaya a duka biyun, ruwa ne ba ƙiba ba. Ranar nan za ki kai shi likita, ba gobe ba.

Zaren awo a hannun uwa

Zaren nan mai launi uku na yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5. A hannun hagu ake sa shi, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, ba matsewa, ba sakewa. Kore, lafiya lau. Rawaya, wato tsakanin milimita 115 da 125, tamowa ta fara. Ja, ƙasa da 115, ta yi tsanani. Ba sai kin yi lakwal ba. A Mirya, jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata awon, aka kuma tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba.

In yaro na iya ci, a likitar CSI za a ba ki maganin gujiya na leda, Plumpy'Nut, ki koma gida, kina dawowa awo duk sati. Magani ne, ba na rabo da yayyensa ba, ba kuma na kasuwa ba. In kuwa ya ƙi nono da ruwa, yana amai da komai, yana jijjiga, ko ya yi lis ba ya farkawa sosai, babban asibiti ne, sashen CRENI. Kada a ɓata kwanaki wajen cire beli ko jiƙo.

Ina asusunmu ya shigo?

Tun 2006 gwamnati ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Amma kuɗin kabu-kabu daga ƙauye, abincin mai jinya, da wanda zai riƙe sauran yara, su ne ke zaunar da uwa gida. A nan ne amfaninmu yake. Tsarin Mata Masu Dubara a jiharmu ta Maraɗi ya faro a 1991 tare da CARE, kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Tunda duk sati muna haɗuwa da goyonmu a baya, mu roƙi zaren awo a likita, mu ajiye shi cikin akwatin asusu. Sau ɗaya a wata, bayan zubi, a auna kowane yaro. Mu amince tun yanzu cewa wadda ɗanta ya faɗa ja ko ya kumbura, a fidda mata kuɗin mota daga asusun taimako nan take, ba jiran wani zama.

A gida kuma, nono zalla har wata 6. Daga nan a ci gaba da shayarwa, a ƙara wa kunu garin wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai ko madara, da ganyen zogale ko kuka a miya. A zuba wa ƙaramin nasa kwano daban. In masu maganin rigakafin masassara sun zo da damina, a ba shi har na kwana ukun.

In kin ga ɗan 'yar uwarki ya canza, ki ja ta gefe: "Yaya, yaron nan ya yi shiru da yawa, zo mu auna shi." Ba gori ba ne, zumunci ne. Allah Ya raya mana su, amin.