Ruwan da Kogi Ke Ajiyewa a Ƙarƙashin Yashi

Shirinmu na yau zai leƙa ƙarƙashin ƙasa ne.

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin kogi da bazara ya san wannan: ruwa ya ɗauke, sai yashi fari fat. Amma da yarinya ta tona kamu biyu ko uku, sai ruwa ya tsattsafo, ta jira ya kwanta, ta kwalfa da ƙoƙo. Ruwan kogin ne ya sauka ƙasa. Da damina ambaliya kan kwanta a fadama makonni, tana nutsewa cikin yashi. Da rani kuma ƙasa ke biyan bashi, tana mayar wa kogi da rijiyoyi abin da ta sha.

Lokacin da ake ban ruwa da jigo, guga guga ake ɗiba. Inji kuwa kan yini yana zuƙa, kuma idan zuƙar ta fi abin da damina ta zuba, sai ruwan ƙasa ya yi nisa, kogin da ke kusa ya rasa mai ciyar da shi.

Mutanen jihar Kansas a Amurka sun ga haka da idonsu. Kogin Arkansas, wanda ke gangaro musu daga Kolorado, ya daɗe yana zama yashi zalla a wajen garin Dodge City. A 1985 Kansas ta kai maƙwabciyarta Kolorado ƙara. A 1995 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar cewa rijiyoyin manoman Kolorado sun rage ruwan kogin, kuma a 2005 Kolorado ta biya diyyar sama da dala miliyan 34.

A fadamun Haɗeja da Nguru matsalar ta zo ta fuska biyu. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da ƙasa, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Daga farkon shekarun 1990, shirin Fadama ya yawaita rijiyoyin burtsatse da injuna. An samu alkama, tattasai da albasa, aljihun manoma ya yi nauyi. Sai dai masu ɗiba sun ƙaru, mai zubawa ya ragu, kuma mutanen Gashuwa da Gaidam da ke ƙasan kogin ne ke jiran abin da ya rage.

Shi ya sa masana ke kira da a riƙa sakin ruwan madatsun da damina gwargwadon tsohuwar ambaliya, a share kachala, a kuma auna zurfin ruwan rijiyoyi duk wata, domin a san ko nawa za a iya ɗiba kafin wata damina.

Nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.