Shin Ko Kun San? Tasin da Ba Ta da Direba

Shin ko kun san sai da kamfanin Waymo ya shafe shekara 11 kafin ya bar jama'ar gari su hau tasinsa babu kowa a kujerar direba? An fara aikin a 2009 a ƙarƙashin Google, aka buɗe wa kowa a watan Oktoba na 2020 a yankin Phoenix da ke jihar Arizona ta Amurka. An zaɓi wurin ne saboda titunansa masu faɗi, ga ƙarancin ruwan sama, babu kuma dusar ƙanƙara mai rufe layin titi.

Ko kun san motar ba ta zuwa duk inda fasinja ya ga dama? Kafin a sake ta a birni sai an bi titunansa ɗaya bayan ɗaya, an zana taswira mai nuna kowace kwana da fitilar ba da hannu, sannan a shata mata iyaka, a riƙa faɗaɗawa kaɗan-kaɗan. Haka aka bi har aka buɗe wa kowa a San Francisco da Los Angeles a 2024.

Kuma akwai mutane a bayan fage: masu wanki da caji a gareji, da masu ba motar shawara daga nesa in ta rikice.

Abin da ya sami Cruise, wani kamfanin tasi marar direba, ya isa a tsaya a kansa. A ranar 2 ga Oktoba 2023, a San Francisco, wani direba ya buge wata mata, ta faɗa gaban motar Cruise, motar kuma ta ja ta a ƙasa kimanin mita 6. Hukumar motoci ta California ta dakatar da lasisin kamfanin a wannan watan, tana zarginsa da ƙin bayyana cikakken abin da ya faru. A Disamba 2024 General Motors, mamallakin Cruise, ya daina zuba kuɗi a harkar. A ganina ɓoye gaskiyar ne ya fi yi masa illa, domin rai ake damƙa wa waɗannan motoci.

A birnin Wuhan na ƙasar Sin, motocin Apollo Go na kamfanin Baidu suna ɗaukar fasinja babu direba tun 2022. A 2024 direbobin tasi na can suka koka cewa arhar motocin tana raba su da abincinsu, kuka ne kuwa da ya wajaba masu tsarin su saurara.