Yaushe Ma'aikacin Asibiti Zai Zauna Gida?

A garuruwan fadamar Rima irin su Gulma, inda ma'aikatan jinya ba su da yawa, wanda ya tashi da zazzaɓi yakan ji nauyin barin abokin aikinsa da layin masu awon ciki, sai ya haɗiyi farasitamol ya fito. Abin dubawa shi ne irin ciwon, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya yaɗuwa ta numfashi ko taɓawa, amma amai da gudawa, ƙyanda da tari mai zazzaɓi suna saurin kama jarirai. Idan ciwon mai yaɗuwa ne, wajibi ne ya sanar da shugaban sashe da wuri, ya karɓo takardar likita, wato shaidar hutun jinya, ya zauna gida.