Guangzhou da New York a Agogon Kano

Ɗan kasuwar da ke zaune a Kano yana da maƙwabta biyu da bai taɓa haɗa katanga da su ba. Ɗaya yana gabas, a Guangzhou ta ƙasar Sin, inda ake ɗora wa 'yan Kantin Kwari yadi da atamfa a kwantena. Ɗayan yana yamma, a New York, inda mai sayen riɗi ko citta yake, ko kamfanin da ya ɗauki matashi aikin kwamfuta daga gida. Tazarar lokacinsu da Kano kusan ɗaya ce: Guangzhou ta riga mu da awa 7, New York tana bayanmu da awa 6 ko 5. Wannan "ko" ɗin shi ne tushen bambancin.

Mu fara da wanda ya fi cin jiki. Ƙarfe 9 na safe a Guangzhou ƙarfe 2 ne na dare a Kano. Kafin Bakano ya buɗe shago, mutumin can ya ci abincin rana ya koma aiki, kuma ƙarfe 11 na safiyarmu ya tashi. Duk abin da za a tattauna sai an cusa shi tsakanin asuba da hantsi. Wanda ya makara sai gobe. New York kuwa sai bayan azahar take farkawa. Mutum yana da safiya sukutum ya haɗa lissafinsa, ya duba kaya a sito, sannan ya ɗauki waya. Amma idan magana ta yi tsawo, ƙarfe 5 na yammarsu ya kai mu 10 ko 11 na dare. Gabas tana cin barcin asuba, yamma tana cin hirar iyali.

Ta fuskar tabbas kuwa, ma'aunin ya karkata. Ƙasar Sin, duk faɗinta, agogo ɗaya take bi, na Beijing. Ta gwada tura agogo gaba lokacin bazara daga 1986, ta daina bayan 1991. Nijeriya da Nijar ma ba sa taɓa nasu. Saboda haka awa 7 ɗin nan tana nan ko da rani ko da damina, har mutum ya daina lissafi, jikinsa ya haddace. Amurka kuwa tun 2007 tana tura agogo gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, ta mayar da shi Lahadin farko ta Nuwamba. Mutumin New York ba ya jin komai ya canza a alƙawarinsa: taron ƙarfe 10 yana nan a ƙarfe 10. Bakano ne zai tarar ƙarfe 4 ya koma 3.

Awa ɗaya kamar ba komai ba, sai an ɗora ta a kan ranar Musulmi. Taron ƙarfe 10 na New York a watan Janairu yana faɗowa daidai lokacin da ake tayar da la'asar. A watan Yuni yana sauka a sarari tsakanin salloli biyu. Na ƙarfe 9 kuma akasin haka: lafiya lau da hunturu, amma da bazara ya ci karo da azahar ta ƙarfe 2, ranar Juma'a kuwa ba a ma maganarsa. A 2025 canjin ya zo ranar 9 ga Maris, ana cikin azumi. Wanda ya tsayar da kiransa ƙarfe 1 na ranar New York don ya samu ya sha ruwa tukuna, ya wayi gari kiran ya dawo ƙarfe 6, ana jiran magariba, baki a bushe.

Idan aka sa mutumin Landan a layin, sai lamarin ya ƙara cuɗewa, domin Turai ba ta canzawa rana ɗaya da Amurka. Ita sai Lahadin ƙarshe ta Maris da ta ƙarshen Oktoba. A shekarar 2025, daga 9 zuwa 30 ga Maris, tazarar Landan da New York awa 4 ce maimakon 5. Makonnin nan su ne suka fi cinye alƙawura, mutum ya zauna gaban kwamfuta shi kaɗai, ko ya shigo ana sallama.

Sai dai adalci bai yarda a ce gabas ba ta motsi ba. Agogonta a tsaye yake, kalandarta ce ke yawo. Sabuwar shekarar Sinawa tana bin wata, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu, wani lokaci a yi makonni kafin aiki ya daidaita. Wanda bai lura ba, ba awa ɗaya zai rasa ba, kayan Sallah ne za su makara a teku. Mu da muke bin ganin wata ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Ita kuma New York, canjin nata a rubuce yake tun shekaru, wayar hannu tana gyara shi da kanta, kuma kusan wata takwas na bazara tana matso mana da awa ɗaya, abin da Guangzhou ba ta taɓa yi ba.

Da za a ce in zaɓa, zan ce na Guangzhou ya fi wahala amma ya fi sauƙin zama da shi, domin kowa ya san nauyin da ya ɗauka tun ranar farko. Na New York ya fi sauƙi amma ya fi jawo saɓani, don nauyin canjin yakan faɗa kan wanda agogonsa bai motsa ba, kuma ba a tambaye shi ba. Wannan yana damuna, domin sau da yawa Bakanon ne ake ɗauka marar cika alƙawari. Abin da nake so ya yi shi ne, tun ranar da ake tsayar da taron mako-mako, ya ce: "Ranka ya daɗe, da agogon wa za mu ɗaure shi, naka ko nawa?" Idan an ce na New York, ya buɗe kalanda ya sa alama a Maris da Nuwamba, ya duba inda azahar da la'asar za su faɗo, kafin ya amsa.