MALAMIN SHAWARA DA JIYYAR MASU SHAYE-SHAYE

Yau maganarmu a kan wani ma'aikacin lafiya ce wanda ba ya yin allura, ba ya kuma yin fiɗa. Kayan aikinsa kujera biyu da littafi da kunnen sauraro. Shi ne malamin shawara, watau wanda ya ke taimakon mutumin da shaye-shaye ya kama har ya rabu da shi. In kana da ɗa, ko ƙane, ko mata, da abin ya shafa, ko kuwa kai kanka ne, to, ka kasa kunne.

Yawan Masu Wannan Ciwo

Kada ka zaci gidanka kaɗai abin ya shiga. Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta haɗa kai da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka yi bincike, rahotonsu na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abu mai bugarwa cikin shekara guda, ban da giya da taba. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu haɗiyar Tramadol da ire-irensa miliyan 4.6, masu kwankwaɗar maganin tari miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. A watan Mayu na 2018 Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi. Amma fa doka kaya ta kan rage a kasuwa, ba ta warkad da wanda ya riga ya kamu.

Me ya sa mu ke kiransa ciwo? Ga dalili. In mutum ya daɗe yana shan ƙwaya, ƙwaƙwalwarsa ta kan saba da ita. Guda ɗaya da ta ke isarsa bara, bana sai uku. Ran da bai samu ba kuwa, sai gumi, da hamma, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace masa. Daga nan ba don daɗi ya ke sha ba, don gudun wahala ne. Shi ya sa faɗa da zagi ba su kan isa ba.

Jiyyar Je-ka-ka-dawo

Ba kowane mai shaye-shaye a kan ba gado a asibiti ba. Yawancinsu a gida su ke kwana, su zo asibiti ranar da aka yanka musu, sau ɗaya ko sau biyu a mako, su koma bakin sana'arsu. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya soma irinta a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali su ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, da rana su zo asibiti. Amfaninta a fili ya ke. Kuɗinta bai kai na kwanciya ba, ɗalibi ba ya barin makaranta, magidanci ba ya barin iyalinsa. Babban abu kuma, mutum yana koyon ƙin ƙwaya a unguwar da a ke sayar da ita, ba a bayan katangar asibiti ba.

Amma akwai waɗanda lalle sai likita ya fara ganinsu. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ko ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam, kada ya bari farat ɗaya shi kaɗai, domin yana iya faɗuwa da farfaɗiya, har a rasa shi. Haka mace mai ciki, da wanda ya ke jin muryoyin da ba kowa, da wanda ya ke zancen kashe kansa. Malamin kirki ya san iyakarsa, nan da nan ya kan miƙa su ga likita.

Ranar Farko

Ran da ka fara zuwa, malamin zai gaishe ka da mutunci, ya gaya maka cewa abin da ka faɗa a ɗakin nan sirri ne, ba zai kai wa uba ko maigida ko 'yan sanda ba, sai fa in ya ga ranka ko ran wani yana cikin haɗari. Sa'an nan ya tambaye ka: me ka ke sha, nawa a rana, tun yaushe, da wa, kuma ina ka ke samun kuɗin? Ka gaya masa gaskiya, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Zai tambayi barcinka, da aikinka, da zamanka da iyali. In ka taɓa yi wa kanka allura, zai tura ka a auna jininka saboda ƙanjamau da ciwon hanta.

Ga inda gwanintarsa ta ke. Ba ya yin wa'azi. An lura cewa in ka matsa wa mutum ka ce lalle ya bari, sai ya shiga kawo maka hujjojin sha. Wani masani a Amurka, William Miller, ya bayyana wata hanya a 1983 wadda a ke koya wa malaman shawara har yau, watau a yi ta tambaya cikin lallashi har mai ciwon ya faɗi dalilin bari da bakinsa. Misali, ɗan acaɓa ya ce, "Malam, in ban sha ba, ba na iya aiki." Malamin ba zai ce ƙarya ne ba. Sai ya ce, "Na ji, tana ba ka ƙarfi. To, samari, me ta karɓe maka?" Yaron ya yi shiru, can ya ce rabin cinikinsa a kanta ya ke ƙarewa, ya kuma faɗi da babur sau biyu. Maganar da ta fito daga bakinsa ta fi goma da aka cusa masa.

Aikin Mako-mako

Daga nan su biyu su kan tsara abin da za a yi. Malamin ya kan sa mai jiyya ya gano abubuwan da su ke tayar masa da sha'awar ƙwaya. Wani majalisar bayan isha'i ce, wani ranar da ya karɓi albashi, wata kuwa ɓacin ran zaman gida ne. Kowanne a kan nema masa makari: a sāke hanyar komawa gida, a ba wani amintacce ajiyar kuɗi, a share lambar dillali daga waya. A kan koya masa cewa sha'awar nan ta kan taso ta kwanta da kanta in aka daure ɗan lokaci, aka tashi aka kama wani aiki. Har gwaji su kan yi, malamin ya zama abokin da ke miƙo kwalba, mai jiyya ya koyi yadda zai ce a'a.

Wani lokaci a kan tara mutum takwas ko goma su tattauna, maza daban, mata daban inda hali ya yi. A kan auna fitsari jefi-jefi, ba don kama ɓarawo ba, don a san inda aka kwana. Malamin kuwa yana rubuta kome a littafi, yana shawara da likita a kan magani. Masana sun ce jiyyar da ba ta kai wata 3 ba, amfaninta kaɗan ne. Sannu ba ta hana zuwa.

In An Koma Ruwa

Wannan ita ce ranar da a ke gane malamin ƙwarai. Binciken Amurka ya nuna mutum 40 zuwa 60 cikin 100 su kan sāke sha bayan sun bari, kusan kamar yadda hawan jini da asma su kan dawo. Saboda haka malamin ba ya fushi, ba ya kora. Sai ya ce, "Madalla da ka dawo. Me ya faru ran nan?" Su gyara inda aka sami ɓaraka. Amma ka riƙe wannan da kyau: wanda ya yi makonni bai sha Tramadol ko kodin ba, jikinsa ya daina jure yawan da ya saba. In ya koma ya sha kamar dā, numfashinsa yana iya tsayawa. In ka ga mutum ya ƙi farkawa, yana numfashi da ƙyar, maza a kai shi asibiti, akwai allurar da ta ke karya dafin.

Naku Aikin, Iyaye

Malamin sa'a guda ya ke ganin ɗanku a mako, sauran a hannunku ya ke. Ku raka shi in an kira ku. Kada ku riƙa yi masa gori da abin da ya wuce, kada kuma ku biya masa bashin dillali. Ku daina ɓoye 'ya mace don kunya, ciwon da aka rufe shi ke ruɓewa. Mari da bulala kuwa ba magani ba ne. A 2019 'yan sanda sun fid da mutum fiye da 300 daga wani gida a Kaduna, waɗansunsu da sarƙa a ƙafa. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tsare mutuncin masu jiyya. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Kai kuma saurayi ko budurwa mai sha'awar wannan aiki, yawancin masu yinsa sun karanta jinya, ko sanin halayyar ɗan Adam, ko aikin jin daɗin jama'a, sa'an nan suka sami horo na musamman. Yana bukatar haƙuri da riƙon amana. Ba ka karɓar kyautar mai jiyya, ba ka ba shi rance, ba ka kai labarinsa majalisa. In nauyin ya yi maka yawa, ka nemi na gaba da kai ku tattauna.

Mai neman taimako ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko na Dawanau a Kano. Ofisoshin hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, su ma suna da sashen ba da shawara. In duk sun yi maka nisa, ka fara da asibitin garinku, za su nuna maka hanya. Kada ka jira sai abin ya yi ƙamari, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.