Takardar Tace Gahawa: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Da yammacin wata Juma'a, a zauren gidanmu da ke Tudun Wada, na ɗora ɗan mazurari a bakin kofi, na shimfiɗa masa farar takarda, na zuba garin gahawa cokali biyu, na shiga tsiyaya ruwan zafi sannu a hankali. Garin ya kumbura ya yi kumfa, ƙamshi ya cika zauren. Kawuna, wanda tun da ya dawo daga aikin Hajji bai rabu da dafaffiyar gahawar Larabawa da dabino ba, ya zuba mini ido har na gama. Sai ya ce, "Ɗan nan, ba ka ji abin da ake faɗa a kan takardar nan ba? An ce da guba ake wanke ta." Na ce, "Na ji, Kawu, har saƙon murya an turo mini a waya."

Mu dai a unguwar nan shayi muka sani, sai kuma Nescafé na 'yar leda a teburin mai shayi. Amma garin gahawa ya fara shiga gidaje, ta hannun alhazai, da ɗaliban jami'a na unguwar Kongo masu karatun dare, da masu zuwa Gembu su yo tsarabar gahawar tsaunin Mambila. Takardar tacewa ta biyo garin, ita ma jita-jita ta biyo takardar. Abin da ya dame ni shi ne, wasu sun guje ta saboda tsoro marar tushe, wasu kuma sun ɗora mata aikin da ba nata ba.

Asalinta ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 1908, wata matar aure mai suna Melitta Bentz, a birnin Dresden na Jamus, ta gaji da diddigar gahawa a ƙasan kofi. Sai ta huhhuda gindin wata tukunyar tagulla, ta ciro takardar shanye tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta tace gahawarta da ita. Kamfanin da ke ɗauke da sunanta yana nan har yau. To, ga maganganun da ke yawo, ga kuma matsayin kowace.

"Farar takarda guba ce, tana kawo ciwon daji"

Ba gaskiya ba ne a yau, ko da yake ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen shekarun 1980 an gano cewa faranta takarda da iskar kulorin yana barin ɓurɓushin wani mugun sinadari mai suna dayoksin. Surutun da aka yi a Turai da Amurka ya sa masana'antu suka canza hanya. Yanzu sanannun kamfanoni da oksijin suke faranta takardar, ko da wasu hanyoyin da suka maye gurbin waccan iskar. Mai ruwan ƙasa kuwa ita ce wadda ba a faranta ba, kuma bambancinta da fara a ɗanɗano yake, don takan fi barin warin kwali. Maganin wannan shi ne a ɗauraye kowace da ruwan zafi, a zubar, kafin a sa gari.

Idan maganar ciwon daji ake yi, ga inda ya kamata hankali ya koma. A 2016, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargi, amma ta yi gargaɗi a kan kowane abin sha da zafinsa ya haura digiri 65, saboda alaƙarsa da dajin maƙoshi. Ke nan mai kurɓar shayi ko gahawa tana ƙona masa harshe ya fi mai farar takarda dalilin damuwa. A bari ta ɗan huce.

"Takarda tana tare maiƙon da ke ƙara kitse a jini"

Wannan gaskiya ce, kuma ita ce babban amfanin takardar. Ƙwayar gahawa tana da maiƙo, a cikinsa akwai sinadarai biyu, kafestol da kahwiyol, masu ɗaga kolestarol mai cutarwa a jinin mai yawan sha. Wani bincike da aka wallafa a 1983 a kan mutanen Tromsø, can arewacin ƙasar Norwe inda aka saba dafa gari a cikin ruwa a sha, shi ya fara jawo hankalin duniya. Daga baya masana a Holan suka tabbatar da cewa a cikin maiƙon laifin yake, kuma takarda tana kama kusan dukkansa. A 2020 aka sake wallafa wani binciken da ya bi diddigin 'yan Norwe fiye da rabin miliyan na kimanin shekara 20, ya ga masu shan tatacciya sun fi masu shan marar tata ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya.

Sai dai a kula: tare maiƙo daban, warkar da cuta daban. Takarda ba ta maye gurbin maganin likita. Mai shan ɗan finjali ɗaya ko biyu na dafaffiya ba sai ya tayar da hankalinsa ba. Amma wanda ya mayar da ita ruwan sha safe da yamma, musamman idan gwajin asibiti ya nuna kitse ya hau, tacewa da takarda rigakafi ne mai araha.

"Takarda tana cire abin da ke hana barci"

Ƙarya ce. Kafeyin narkewa yake yi a ruwa kamar gishiri, ya wuce takardar bai ko tsaya ba. Tatacciyar gahawa tana hana barci, tana kuma sa bugun zuciya ga wanda ya wuce gona da iri. Hukumomin lafiya a Turai sun ce miligiram 400 a yini bai zama matsala ga baligi mai lafiya ba, wato kamar kofi huɗu, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. A tuna goro ma yana da kafeyin, shayi ma haka, duk a lissafi ɗaya suke.

"Tun da ana tacewa, kowane ruwa ya yi"

Wannan ce ƙaryar da ta fi ba ni tsoro. Kafofin takardar sun fi ƙwayoyin cutar taifot da kwalara faɗi nesa ba kusa ba. A garin da gidaje da yawa suka dogara da rijiya da 'yan garuwa, kada wanda ya ɗauki takarda a matsayin mai tsabtace ruwa. Tafasawa ce ke kashe ƙwayar cuta. A bari ruwa ya tafasa sosai, a sauke, a jira kamar rabin minti, sannan a tsiyaya.

"Takarda takarda ce, tishu ko jarida ma za su yi"

A'a. Mu da muka tashi kusa da kamfanin ɗab'i na Gaskiya mun san kowace takarda da aikinta. Ta jarida tana ɗauke da tawada, tishu kuwa yagewa take yi, wata da turare, wata daga tsofaffin takardu aka sarrafa ta, ba a yi su don ruwan zafi ya ratsa su ya shiga cikin mutum ba. Idan takardar ta yanke ko ta yi tsada, mafita tana ɗakin iyayenmu mata: farin ƙyallen auduga irin na tatar koko. A Japan da Kosta Rika ma da ƙyalle wasu ke tacewa. Yana tare diddiga, sai dai bai kai takarda kama maiƙo ba. A ware shi don gahawa kawai, a wanke da ruwan zafi ba da sabulu mai ƙamshi ba, a shanya ya bushe.

Ita kuwa Nescafé da ire-irenta ba su bukatar tata. A masana'anta aka riga aka dafa su, aka tace, aka busar, shi ya sa suke narkewa ba saura.

Da na gama yi wa Kawu wannan bayani, sai na sake haɗa wani kofin a gabansa: ɗauraye takarda, gari giram 15, ruwa kwatan lita, a jiƙa garin a jira daƙiƙa 30, sannan a ci gaba da tsiyaya har kusan minti uku. Na zare takardar na miƙa masa ya gani. Ta yi duhu, ga kuma maiƙo yana ƙyalli a saman jiƙaƙƙen garin. Ya shafa da yatsa, ya murza, ya yi shiru. Can ya ce, "Ashe wannan ne nake shanyewa kullum." Butarsa tana nan, da ita yake tarar baƙi ranar Juma'a. Amma kofin safe, wanda yake sha shi kaɗai bayan asuba, yanzu sai ya bi ta takarda.